Kurar Cikin Rumbu

Kakata Iya Ladi ba ta cikin tsofaffin nan masu zaƙin baki da mutane ke son ba da labarinsu. Ba ta lallashi, ba ta goyon jika, kuma idan ka faɗi a gabanta, tambayar da za ta fara yi maka ita ce ina ka baro idonka. Daddawa ce sana'arta. 'Yar Gude ce, aure ya kawo ta ƙauyenmu da ke gefen Kutama, ta yi shekaru masu yawa a cikinsa, amma har ta koma ga Allah ba ta daina ce wa mutanen garin "mutanen nan" ba, sai ka ce jiya ta sauka. Duk da haka mu jikokinta ba mu da wurin zama sai gindinta. Har yau in na ji warin kalwa a wuta sai zuciyata ta yi laushi.

Da bazara, idan ɗorawa ta nuna aka tara kalwa, sai ta girka babbar tukunyarta a bayan ɗaki. Kalwa ba ta son gaggawa, wuni take yi tana tafasa, kuma ba a barin wutarta ta mutu. Wannan wutar ce take tara mu. Ba ɗumi muke nema ba, don zafi ake yi na gaske. Da an idar da magariba mun ci tuwo, sai mu jawo tabarma mu shimfiɗa nesa kaɗan da murhun, ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa Garba, ƙanen mahaifinmu. Ita kuma tana kan 'yar kujerarta, tana tura itace da sanda, gumi na bin wuyanta.

Tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne. Ba ta cika kawo dabbobi masu wayo ba. Ta ce dabba ba ta yi mata komai ba. Mutane take kawowa, kuma kusan kullum wawaye ne. Ko buɗe tatsuniyar ma da gatse take yi.

"Ga wata nan ta ƙaraso," in ji ta. "Wanda ya bar kunnensa a kwanon tuwo ya koma ya ɗauko."

"Muna tare da kunnuwanmu, Iya."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta kurar cikin rumbu. Ga yadda take.

Akwai wani gari da mutanensa suka taɓa shan wahalar fari, sai suka yi shawara suka gina babban rumbu a tsakiyar gari. Duk kaka, kowane gida zai kai damin dawa da na gero a zuba, don ranar da abinci zai yanke. Suka shekara uku suna tarawa har rumbun ya cika. Iya ta ce wannan ita ce dabara ɗaya tak da mutanen garin suka taɓa yi, kuma ita ma ba su iya riƙe ta ba.

Wata rana da almuru, wanzamin garin yana dawowa daga aski, ya ga wani abu ya gifta ta gindin rumbun. Ya yar da zabirarsa ya ruga fada yana haki, ya ce kura ta shiga rumbu. Nan da nan gari ya taru. Aka kafa tsani, mai gari ya ce a hau a leƙa.

Mahauci ne ya fara hawa. Ya ɗage murfin, ya zura kai, ya sauko, ya ce ya ga idanunta biyu suna ƙyalli. Maharbi ya hau, ya daɗe, ya sauko ya ce ba shakka kura ce, mace, kuma tana ɗingishi da ƙafar baya. Wani ya kara kunne a jikin rumbun ya ce yana jin numfashinta. Wata mata daga nesa ta toshe hanci ta ce wari ya ishe ta.

A nan ne Sani, ɗan Baffa Garba, wanda ya girme ni da shekara biyu kuma yake ganin ya fi kowa kai, ya ce, "Iya, ai ƙarya suke yi."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Da ƙarya suke yi, da abin ya zo da sauƙi. Maƙaryaci ya san inda gaskiya take, shi ya sa yake kauce mata. Waɗannan gani suka yi. Kowa ya hau tsanin nan da kurarsa a cikin kai, ya zura ido a duhu ya same ta tana jiransa."

A cikin taron akwai wata tsohuwa mai sayar da gishiri. Ta ce ita ma a bar ta ta leƙa, tunda akwai daminta a ciki. Aka riƙe mata tsani ta hau. Da ta sauko aka tambaye ta, ta ce ita duhu ta gani. Ta kuma tambaye su me kura za ta ci a rumbu, kuma ta wace ƙofa ta hau, tunda su da suke da hannu sai da tsani. Jama'a suka yi mata dariya. Suka ce yanar tsufa ce ta rufe mata ido. Mutum tara sun gani, ke ɗaya ba ki gani ba, wa za a bi? Ta ce to a bari gari ya waye a duba da haske. Suka ce kafin gari ya waye ta cinye yaran gari.

Sai aka kawo kara aka kewaye rumbun, maza suka tsaya da sanduna da kibau don kada ta tsere, aka cinna wuta. Dawar shekara uku ta kwana tana ci.

Da safe suka shiga tokar da rariya suna neman ƙashi. Babu ƙashi, babu haƙori, babu farce. Mu muna jin nan sai muka ɗauka kunya za ta kama su. Iya ta yi tsaki ta ce ba mu san mutane ba. Wanzami ya ce shi ya ga lokacin da ta bi hayaƙi ta tashi sama. Maharbi ya ce a'a, ta bayan rumbu ta fita, ga ma sawunta, ya nuna inda mutum ɗari suka tattake. Gari ya rabu biyu, 'yan hayaƙi da 'yan sawu, har aka daina auratayya tsakaninsu. Babu ɓangare na uku, don tsohuwar gishiri ta ɗaure kayanta ta koma garin 'yarta.

Shekarar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke da wuri.

"Yunwa kuwa," in ji Iya, tana gyara itace, "ba wanda ya leƙa ta ya sauko ya ce bai gan ta ba. Nan tatsuniyar ta tsaya. Wanda ya ce na ƙara gishiri ya je garin ya tambaya, in ya samu mai rai."

Ni abin bai kwanta mini ba. Na ce, "To Iya, kurar ta shiga ko ba ta shiga ba?"

"Ina wurin?"

"Ai ke kika ba da labarin."

"Na ce miki dawa ta ƙone. Wannan na sani. Sauran ki tambayi masu ido."

Sani ya ce shi dai abin da ya gani ya gani, babu mai ruɗa shi. Iya ba ta yi musu da shi ba. Ta buɗe tukunya ta duba ruwa, ta rufe, sannan ta ce, "Ubanka da ya shigo ɗazu ya gaishe ni, wace hula ce a kansa?"

Sani ya ce fara ce, ta saƙi. Ni na ce ƙube ce mai ruwan ƙasa, don na ga zanenta a hasken wuta. Muka kaure da gardama har muna rantsuwa. Ta bar mu muka gaji, sannan ta aika a kira Baffa. Ya zo da kansa a aske tal. Ya ce hularsa tana jiƙe a kan igiya tun la'asar, haka ya je masallaci, haka ya shigo. Iya ta tura itace da sandarta. Dariyarta ma ta hanci ce, sau ɗaya, ta ci gaba da aikinta.

Na girma ina ganin na fahimci wannan tatsuniya. Na yi karatu, na zama malamar firamare, aure ya kai ni cikin Gwarzo. Duk lokacin da aka yi wata jita-jita a gari, a raina ni ce tsohuwar gishiri. Ina kallon mata suna miƙa wa juna waya ana cewa ga aljani an ɗauka a hoto, ga kifi mai fuskar mutum, sai in taɓe baki. Iya ta bar mini rainin nan gado, na kuma riƙe shi da kyau. Abin da ban lura ba shi ne kowa da ya taɓa jin labarin nan tsohuwar gishiri yake ɗaukar kansa. Ban taɓa jin wanda ya ce shi ne wanzamin ba.

A unguwarmu akwai rijiya ɗaya da muke ɗiba in famfo ya ɗauke. Akwai kuma wata mata, Asabe, 'yar Lakwaya, mai suyar awara. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu a gidan haya. Ba ta da dangi a gari, ba ta da yawan magana, ba ta shiga gidajen mutane. A unguwa irin tamu wannan kaɗai ya isa laifi.

Wata damina, bayan an kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fita da sassafe, gari bai gama wayewa ba. Na hango Asabe a bakin rijiya, ta sunkuya, tana kwance wani ƙullin leda tana zazzage farin abu. Na gaishe ta daga nesa, ta amsa, na wuce. Ban sa komai a raina ba.

Bayan kwana biyu amai da gudawa suka ɓarke a unguwar. Yara suka fi kamuwa. 'Yata Ummi tana ciki. Ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara huɗu, ya rasu kafin a kai shi asibiti. Ina zaune a gaban Ummi, idonta ya faɗa, sai Hajiya Binta, yayar maigidana, ta shigo dubiya. Ta ce wannan abu ba banza ba, da hannun mutum a ciki.

Na ce, "Ni kuwa Yaya, shekaranjiya na ga Asabe tana zuba wani farin abu a bakin rijiya."

Ta dafe ƙirji. "A rijiya?"

Na ce, "E."

Kalma ɗaya ce ta faɗi a tsakanin maganata da tambayarta, ban tsaya na tsince ta ba. Da maigidana ya tambaye ni da rana, na ce a rijiya. Da mai unguwa ya aiko, na ce a rijiya, da idona na gani. Kuma ba ƙarya nake yi ba. Zuwa lokacin, in na rufe ido ina ganin farin garin nan yana sauka cikin ruwa, har da yadda ya bazu a sama. Daga inda na tsaya ranar ba a ma hango cikin rijiyar.

Kafin la'asar maganar ta shiga wayoyi. Wata ta ce ta daɗe tana ganin Asabe tana zagaya rijiyar. Wani ya ce mutuwar mijinta ma akwai magana. Wani mai digiri, wanda kullum yake zaune a majalisa yana gyara wa mutane Turanci, ya tsara dogon rubutu yana bayanin irin gubar da yadda take aiki a hanji. Bai ga ledar ba, bai ga rijiyar ba, amma ya san sunan gubar.

Da jama'a suka taru a ƙofar gidan Asabe ban je ba, amma ina jin hayaniyar daga ɗakina. An ce ta fito tana kuka tana cewa alam ne, a bokitinta ta zuba don ruwan ya kwanta, ruwan ya yi laka ba zai yi awara ba. Ta ɗauko sauran ƙullin tana nunawa. Aka ce ga shi ma ta fito da shaida da hannunta. Kafin mai unguwa ya ratsa taron ya shigar da ita zaurensa, dutse ya same ta a idon hagu. Washegari ta kwashe yaranta ta bar gari.

Da ma'aikatan lafiya suka zo suka duba, suka ce ruwan sama ne ya cika wani masai da ke kusa, ya tsiyaya cikin rijiyar. Suka rufe ta. Ummi ta warke. Ka san abin da unguwa ta yi da wannan bayani? Rabi suka ce dama su sun faɗa tun farko. Rabi suka ce rufa-rufa ce, an ba da wani abu. Mai digiri ya goge rubutunsa ya sake wani a kan illar jita-jita, ya yi masa kyau ƙwarai. Duk faɗin unguwar ba a samu mutum ɗaya da ya ɗauki dutse ba. Kowa rabon faɗa ya je.

Ni ma na samu tawa mafakar. Na riƙa ce wa kaina ai abin da na gani na faɗa, ban ce a jefi kowa ba. Wasu ranakun har in ce wa ya sani, wataƙila duka biyun ne, masai da ledar. Na ma fara wata irin magana ta masu karatu, wai babu wanda ya san gaskiyar komai, kowa da yadda yake kallon abu. Maganar tana da daɗin faɗa, musamman ga wanda gaskiyar ba za ta yi wa daɗi ba.

Sai da na shekara uku kafin na iya hawa mota na je Lakwaya. Na yi tambaya aka nuna mini gidan yayanta. Na same ta a tsakar gida tana tace waken suya. Ta gane ni tun kafin in gama sallama. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba ta ajiye a gabana. Muka gaisa, ta tambayi Malam maigidana, ta tambayi Ummi da sunanta. Idon hagun ya shanye, fatar ta rufe shi, ga tabo ya haura har gira.

Na ce, "Yaya Asabe, na zo ne ki yafe mini. Ni na fara faɗar maganar nan."

"Na sani, Malama."

"Wallahi har yau ina juya abin. Na kasa tuna ko hannunki a kan bokiti yake ko a kan rijiya."

Ta ajiye matacin. Ta dube ni da idonta ɗaya, ba fushi a fuskarta, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

"Wato kin taso tun daga Gwarzo ne in taya ki tunawa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Na faɗa ranar, ina kuka na faɗa. Ba abin da zan ƙara. Ku masu ilimi kuna da lokacin zama ku yi ta juya abin da kuka gani. Ni in zan zuba mai a kasko sai na karkata kai, in ba haka ba in zuba a wuta. Wannan ba sai na tuna ba."

Ta ce ta yafe, don tana son Allah ya yafe mata. Ta faɗe shi a taƙaice, yadda ake sallamar mai talla. Na yi godiya, na gyara mayafi zan tashi. Sai ta nuna kofin da haɓa.

"Ba ki sha ruwanki ba, Malama."

Na duba. Ruwan garau yake, ya kwanta, ana ganin gindin kofin. Na ɗauka. Kuma Allah ya sani, kafin ya kai bakina sai da hannuna ya tsaya. Bai fi ƙiftawar ido ba. Na shanye shi duka, amma ta riga ta gani. Ta koma kan wakenta, ba ta raka ni ƙofa ba.

A mota ina dawowa na yi ta tunanin Iya Ladi. Na daɗe ina zaton abin da take koya mana shi ne mu raina idon mutane. Daga baya na zaci cewa take babu gaskiya sam, sai abin da kowa ya hango. Duka biyun ba su ba ne, kuma duka biyun sun yi mini daɗi ne saboda sun bar ni a inuwa. Gaskiyar da ba a musu tana nan. Ba dai a bakin shaidu ake samunta ba. Tana zuwa ne a makare, bayan masu gani sun gama rantsuwa sun watse, kuma yawanci a jikin wani take sauka, ba a jikin wanda ya rantse ba.

Har gobe in aka sa ni rantsuwa ba zan iya cewa ga inda hannun Asabe yake a safiyar nan ba. Abin da na sani shi ne ta zo unguwarmu da ido biyu.